Idan Ɗan'uwanka Ya Taɓa Shiga Hannun Hukuma: Yadda Za Ka Nemi Aikin Ɗan Sanda a Najeriya

Duk sa'ad da aka buɗe shafin ɗaukar kuratan 'yan sanda, akan sami matasan da suka cika kowane sharaɗi, suna da kiredit ɗinsu biyar, suna da tsayi da ƙoshin lafiya, amma sai su noƙe saboda wani abu da ke cin su a rai wanda ba sa iya faɗa wa kowa. Wani mahaifinsa ne ya taɓa zaman gidan yari shekaru ashirin da suka wuce, wani yayansa ne ke tsare ana tuhumarsa da fashi, wani kuma ƙanensa ne ya yi ƙaurin suna a harkar daba har unguwa ta san gidansu da shi. Daga cikinsu akwai waɗanda ko fom ba sa cikewa, domin sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa ba za a ɗauke su ba. Akwai kuma waɗanda suke cikewa, amma su sauya sunan mahaifi ko su nemo takardar wata ƙaramar hukumar da ba tasu ba, da nufin ɓatar da sawu. Na farko ya yi asarar dama, na biyu kuwa ya ɗauko wa kansa laifin da a da ba shi da shi, kuma abin da ya kai su duka biyun ga haka shi ne rashin sanin inda laifin ɗan'uwa yake iya taɓa mai neman aiki da inda ba ya iyawa.

Abin da yake a rubuce

Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda aka fi sani da PSC, ita ce tsarin mulkin 1999 ya ba ikon ɗaukar 'yan sanda, kuma bayan doguwar taƙaddama tsakaninta da ofishin Sufeto Janar, Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan iko a shekarar 2023. Sharuɗɗan da aka saba bugawa ga masu neman kurtu sanannu ne. Ana son mai nema ya kasance haifaffen ɗan Najeriya mai lambar NIN, ɗan shekara 18 zuwa 25, mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, mai tsayin da bai gaza mita 1.67 ba idan namiji ne, ko mita 1.64 idan mace ce, wanda bashi bai yi wa katutu ba, kuma mai kyawun hali wanda kotu ba ta taɓa samunsa da aikata laifi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ke tsorata mutane, alhali kuwa idan aka karanta shi da natsuwa za a ga a kan mai neman aikin kaɗai yake magana. Bai ambaci uba ba, bai ambaci wa ko ƙane ba, balle kawu ko suruki.

Tsarin mulki ma ya tsaya wa irin wannan matashi. Sashe na 42, ƙaramin sashe na 2, ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi ko a hana shi wani abu don kawai yanayin haihuwarsa, kuma babu wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 5, ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifin a kansa, wanda hakan ke nufin yayan da yake gidan gyaran hali yana jiran shari'a, ko da ya shekara huɗu a ciki, a idon doka ba a same shi da komai ba tukuna. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashenta na 7, ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita wannan hani. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan ƙa'ida, domin tun a makarantar allo ya karanta a Suratul An'am cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Wani wurin da tsohuwar ƙa'idar aikin ɗan sanda ta fito fili ta duba halin wani na kusa da jami'i shi ne batun auren 'yan sanda mata. A ƙarƙashin ƙa'ida ta 124, 'yar sandar da ke son yin aure sai ta rubuta wa kwamishina neman izini, ta ba da suna da adireshi da sana'ar wanda za ta aura, a tabbatar mutumin kirki ne kafin a amince. Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke wannan ƙa'ida a 2012 saboda ta saɓa wa tsarin mulki.

To amma masu tantancewa mutane ne, masu sa hannu a takardunka ma mutane ne, kuma mutanenmu sun taso da jin cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka laifin ɗan'uwa ba ya hana ka aiki ta hanyar doka, sai dai yana iya iso maka ta wasu ƙofofi: ta sunanka da ya shiga harkarsa ba ka ankara ba, ta mutanen da kake buƙatar su tsaya maka, ta takardar ƙorafin da wani zai rubuta a kanka, da kuma ta ƙaryar da tsoro zai sa ka yi. Duk shirin da ke gabanka na toshe waɗannan ƙofofi ne.

Ka fara sanin haƙiƙanin abin da ya faru

Gidaje da yawa ba sa son tayar da tsohon zance, sai yaro ya girma da jin cewa "an taɓa kama Baba" ba tare da ya san ko kwana biyu ya yi a caji ofis aka sasanta ba, ko kuwa alƙali ne ya ɗaure shi. Bambancin da ke tsakanin waɗannan yana da girma. Kamu daban, gurfanarwa a kotu daban, samun mutum da laifi kuma daban, sannan akwai wanda kotu ta sallama saboda masu ƙara sun daina zuwa, akwai wanda ta wanke bayan an kammala shari'a. Rigimar bashi ko ta gado ko ta aure kuwa, ko da ta kai mutum gaban alƙali sau goma, ba shari'ar laifi ba ce tun asali. Ka sami wani babba a dangi wanda ya san zancen, baffa ko kawu ko goggo, ka roƙe shi cikin ladabi ya faɗa maka shekarar da abin ya faru, da kotun da ta yi shari'ar, da abin da aka tuhumi mutumin da shi, da yadda aka ƙare. Idan an wanke shi ko an kori ƙarar, yana da kyau shi mai shari'ar ya je wurin magatakardan kotun ya nemi kwafin hukuncin mai ɗauke da hatimi, ka adana hotonsa. Mai yiwuwa har ka gama neman aikin ba wanda zai tambaye ka ita, amma ranar da wani ya kai gulmarka, takarda ɗaya mai hatimi ta fi rantsuwa ɗari.

Bayan haka sai ka juyo kan naka sunan, domin shi ne abin da za a auna. Ka tuna ko an taɓa haɗa ka a kamen da aka zo yi gidanku, ko ka rubuta bayani a caji ofis, kuma a matsayin me ka rubuta shi, shaida ko wanda ake zargi. Ka tuna ko an ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Idan an taɓa gurfanar da kai tare da ɗan'uwan naka aka sallame ka, to wannan takardar sallama taka ce, kuma neman kwafinta wajibi ne a kanka. Rundunar 'yan sanda tana da babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi a Alagbon da ke Legas, inda ake duba zanen yatsu kafin a ba mutum takardar shaidar kyawun hali, wadda yanzu ake nema ta shafin intanet na rundunar mai suna POSSAP bayan biyan kuɗin da aka ƙayyade. Ko da sanarwar ɗaukar aiki ba ta nemi wannan takarda ba, mai irin matsalarka zai amfana da ita, musamman da yake sunayenmu suna yawan karo da juna, ta yadda a gida ɗaya za a sami Muhammadu uku masu amsa sunan kaka ɗaya. Zanen yatsa ne ke raba ka da takwaranka. Masu neman irin wannan aiki a Jamhuriyar Nijar sun saba da wannan tsari, domin a can takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum, wadda ba ta wuce wata uku da fitarwa ba, tana cikin abin da ake haɗawa a fayil ɗin neman aikin gwamnati, kuma ita ma tarihin mai ita kaɗai take ɗauke da shi.

Idan binciken nan ya nuna kotu ta taɓa samun ka da laifi kai da kanka, to zancen ya sauya, kuma ba batun dangi ba ne kuma. Kada abin da ya faru a Kano a 2023 ya ruɗe ka, lokacin da rundunar jihar ta saka matasa 50 da suka tuba daga daba cikin 'yan sandan sa-kai, aka yi ta ce-ce-ku-ce har PSC ta fito ta bayyana cewa waɗannan ba cikakkun 'yan sanda ba ne.

Ka zare hannunka daga harkarsa, ba daga zumunci ba

Nan ne mafi yawan matasa suke faɗawa rami ba da niyya ba. Yaya ya ce wa ƙane ya ara masa lambar asusunsa za a turo masa kuɗi, ƙane ya ba shi don kunya, ashe kuɗin damfara ne ko na fansa, kuma duk ranar da aka bi sawun kuɗin, sunan ƙanen da lambarsa ta BVN za a tarar. Haka layin waya yake tun daga ƙarshen 2020 da aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN: layin da ka yi wa rajista da sunanka ka miƙa wa wani, duk kiran da aka yi da shi a wuyanka yake. Haka babur ɗin da takardunsa ke ɗauke da sunanka, da wayar da ɗan'uwan ya ba ka kyauta ba ka tambayi inda ya samo ta ba. Dokar laifuka ta jihohin Arewa ta ɗauki karɓar kayan sata da sani, da ɓoye mai laifi don kada a kama shi, da haɗa baki, a matsayin laifuka masu zaman kansu. Wato a nan ba laifin ɗan'uwanka ake ɗora maka ba, naka ne ake tuhumarka da shi. Tun kafin ka cike fom, ka je ofishin kamfanin waya ka rufe duk layin da ke kan sunanka wanda ba ya hannunka, ka daina karɓar wa kowa kuɗi a asusunka, ka kuma raba kanka da duk kayan da ba ka san asalinsu ba.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba, wato tsayawa beli. Idan ka taɓa sa hannu ka karɓi belin ɗan'uwanka a kotu, shi kuma ya daina halartar zaman shari'a, kotu tana da ikon ta nemi ka biya kuɗin da ka ɗauki alkawari, har ta tsare ka idan ka gaza. Mai neman aikin da ake so ya kasance ba shi da nauyin bashi bai kamata ya bar wannan a rataye ba. Doka ta ba wanda ya tsaya beli damar ya koma kotu ya nemi a sauke masa nauyin, sai dai ka sani cewa hakan yana nufin za a nemo wanda ake tuhumar ya kawo wani mai tsaya masa, in ba haka ba a mayar da shi tsare. Don haka a zauna a gida a sami wani dattijon da zai maye gurbinka kafin ka je.

Wurin kwana ma abin dubawa ne. Wanda yake ɗaki ɗaya da mai sayar da ƙwaya ya sani cewa ranar da jami'an NDLEA suka zo, ba za su tsaya tambayar katifar waye aka sami kayan a ƙarƙashinta ba, kuma barin a yi harkar ƙwaya a wurin da kake da iko da shi laifi ne a dokarsu. Idan da hali ka koma wurin wani ɗan'uwan ko ka kama ɗaki. Wannan ba yanke zumunci ba ne, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kana iya kai wa mahaifinka ziyara a gidan gyaran hali, ka kai masa abinci da sabulu, ka rubuta sunanka a littafin masu ziyara ba tare da fargaba ba, tunda doka ce ta halatta ziyarar.

Lamarin da ya fi kowanne nauyi shi ne na wanda ɗan'uwansa ya shiga daji, ko cikin Boko Haram ko cikin 'yan bindigar da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana a matsayin 'yan ta'adda a ƙarshen 2021. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta hukunta ba su mafaka, da tallafa musu, da ɓoye bayanin da zai taimaka a hana ta'addanci. Kai musu man fetur ko burodi ko katin waya, ko amsa kiran da ake tambayarka motsin sojoji, ya isa a kira mutum infoma. Wanda yake cikin wannan hali kada ya dogara da shawarar abokai, ya nemi lauya, kuma idan ba shi da kuɗi akwai hukumar tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda take da ofisoshi a jihohi.

Domin ka auna kanka da idon mai bincike, yana da amfani ka san yadda ake yi a inda aka rubuta tsarin dalla-dalla. A Ingila da Wales mai neman aikin ɗan sanda yana rubuta sunayen iyayensa da 'yan'uwansa da abokin zamansa da duk wanda suke gida ɗaya, a duba su a ma'ajiyar 'yan sanda. Samun mai laifi a cikinsu ba ya rufe ƙofa kai tsaye. Abin da ake aunawa shi ne girman laifin, da daɗewarsa, da yawan cuɗanyar da ke tsakani, da ko mutumin zai iya matsa wa sabon jami'in ya sato masa bayanan sirri. Sun ƙara tsanantawa bayan wani rahoton masu sa ido na 2022 da ya duba fayil 725 ya sami 131 da amincewar da aka yi musu take da alamar tambaya, ciki har da na masu alaƙar dangi da gungun masu laifi. Duk wani jami'i mai hankali a Gusau ko Damaturu, idan zancenka ya zo gabansa, waɗannan tambayoyin ne za su zo masa a rai ko da ba a rubuta masa su ba.

Masu tsaya maka

A ganina nan ne ainihin inda ake cin wannan jarrabawa ko a faɗi. Cikin takardun da ake fitarwa daga shafin neman aikin akwai fom ɗin garanto, kuma waɗanda aka saba amincewa su sa hannu sun haɗa da masu sarautar gargajiya, da majistare, da shugaban ƙaramar hukuma, da shugaban makarantar da ka yi, da ma'aikacin gwamnati da bai gaza mataki na 12 ba, da ɗan sandan da bai gaza muƙamin babban sufurtanda (CSP) ba, da sojan da bai gaza Laftanar Kanal ba. Ka duba sanarwar shekarar da kake nema don ka ga jerin da aka bayar. Duk wanda ya sa hannu a cikinsu ya jingina mutuncinsa ne da halinka, shi ya sa wanda ya san labarin gidanku yakan yi ta ce maka ka dawo gobe har lokaci ya ƙure, ba don ya ƙi ka ba, sai don yana tsoron abin da zai biyo baya.

Maganin wannan shi ne ka riga shi faɗa. Kada ka ɗauki fom ka doshi fada kai kaɗai. Ka fara da mai unguwa, wanda ya san ka tun kana yaro, shi ya haɗa ka da dagaci ko hakimi, kuma ka tafi da wani dattijo na gidanku da ake ganin girmansa. Bayan an cire takalmi an zauna an yi gaisuwa, dattijon ne zai buɗe zancen, kai kuma idan aka ba ka dama sai ka yi magana gajeriya, kamar haka: "Ranka ya daɗe, na san ba a ɓoye yake ba cewa yayana yana gidan gyaran hali, an ɗaure shi shekara uku a kan sata. Ban taɓa shiga harkarsa ba, ba a taɓa kai ni caji ofis ba, ga takardar shaidar hali da na karɓo, ga kuma malamin makarantarmu da maigidan da nake yi wa aiki, duk ana iya tambayarsu." Mai yiwuwa hakimin ya ce, "To, yaro, mun ji, ka ba mu kwana biyu," kuma bai kamata wannan ya ɓata maka rai ba, domin zai aika a tambayi liman da maƙwabta, abin da kai ma ya kamata ka so ke nan idan ka san kanka. Mutumin da ya sa hannu bayan ya ji komai daga bakinka zai tsaya a kan sa hannunsa idan aka tuntuɓe shi. Wanda kuwa ya sa a cikin duhu, ranar da ya ji labarin daga bakin wani zai ce yaudararsa aka yi, kuma janyewar garanto ta fi rashinsa tun farko illa.

Idan masu sarauta suka ƙi, shugaban makarantar sakandaren da ka gama yakan fi sauƙin samu, domin shi kai ya sani, da rajistar zuwanka aji da halinka na shekara shida, ba gidanku ba. Abin da za ka guje wa shi ne masu zama a bakin sakatariya suna cewa za su samo maka sa hannu da hatimi a kan 'yan kuɗi, domin hatimin bogi laifin jabu ne, kuma lambar wayar da za a rubuta a fom ɗin ana iya kiranta.

Fom da ranar tantancewa

Ka rubuta sunanka da na mahaifinka kamar yadda suke a NIN da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, harafi da harafi. Saɓanin suna ko na ranar haihuwa tsakanin takardu yana fitar da mutane daga layi tun kafin a kai ga zancen hali, kuma wanda ya sauya sunan uba dab da ɗaukar aiki ya jawo wa kansa tambayar da da ba za a yi masa ba. Takardar asali kuma ta kasance ta ƙaramar hukumarka ta gaskiya, domin ana tantance kowa ne a jiharsa, a jera mutane ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma baƙo a layin da kowa ya san kowa ba ya ɓuya.

Ranar tantancewa za ka je da farar riga da farin gajeren wando, da takardunka na asali da kwafinsu a cikin fararen fayil, a auna tsayinka da ƙirjinka, a duba takardu, daga baya a yi jarrabawar kwamfuta da gwajin lafiya. Ƙa'idar magana a duk waɗannan matakai ita ce ka amsa abin da aka tambaye ka da gaskiya, ka tsaya a nan. Idan ba a tambayi tarihin danginka ba, ba a ɗora maka ka tsaya gaban tebur kana ba da labarin gidanku ba. Idan kuwa aka tambaya, a takarda ko da baki, ka faɗi dangantakarku, da laifin, da shekarar, da yadda shari'ar ta ƙare, da irin hulɗar da ke tsakaninku yanzu, ba tare da kare shi ko zaginsa ba. Wanda ya hau cewa sharri aka yi wa ɗan'uwansa, 'yan sanda ne suka ƙulla masa, yana gaya wa masu ɗaukarsa ne cewa bai yarda da aikin da yake nema ba. Wanda kuma ya hau tsine wa mahaifinsa don ya burge, ba Bahaushen da zai ji ya amince da shi.

Neman aikin kyauta ne, hukumar takan nanata haka a kowace sanarwa. Masu damfara sun fi son mai irin damuwarka, domin da zarar sun gane kana da abin ɓoyewa sai su ce akwai wani oga da zai share sunan gidanku daga kwamfuta. Babu sunan da za a share, tunda naka ba ya ciki.

Idan aka kai ƙorafinka

A 'yan shekarun nan ana raba guraben kurata ne bisa ƙananan hukumomi 774, abin da ya sa abokan takararka 'yan garinku ne, waɗanda suka san sirrin gidanku, kuma fitar da kai yana iya buɗe wa ɗan wani hanya. Saboda haka kada ka yi mamaki idan aka rubuta takarda cewa kai ƙanen ɗan fashi ne. Idan aka kira ka a kan haka, ka je da kwafin hukuncin kotu, da takardar shaidar halinka, da wasiƙar garantonka, ka nemi a nuna maka abin da ake zarginka da shi kai da kanka. Idan aka cire sunanka kuma kana da dalilin ganin cewa saboda ɗan'uwanka ne kawai, ka rubuta wa shugaban PSC ƙorafi mai ɗauke da lambar neman aikinka, ka ambaci sashe na 42 na tsarin mulki, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna karɓar irin wannan kuka ba tare da kuɗi ba. Sai dai ka yi wa kanka adalci, domin masu nema sun ninka guraben sau da yawa, kuma mafi yawan waɗanda ba su ga sunansu ba babu ko mutum ɗaya a danginsu da ya taɓa kwana a caji ofis. Muddin shekarunka ba su wuce ba, kana iya sake nema.

Bayan ka sa kaki

Wanda ya tsallake, ya yi watanninsa na horo a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna ko ta Maiduguri ko wata makarantar horarwa, zai tarar cewa matsin da ya fi ƙarfi daga gida zai fito. Ƙa'idar ɗa'ar aiki da rundunar ta ƙaddamar a 2013 ta hana jami'i sa hannu ko yin tasiri a lamarin da yake da wata maslaha ta kansa a ciki, kuma shari'ar ɗan'uwa tana gaba-gaba a wannan. Ranar da aka kawo ƙanenka ofishin da kake aiki, ko mahaifiyarku ta kira ka tana kuka ta ce ka duba mata inda aka kai fayil ɗinsa, abin da ya dace shi ne ka shiga wurin DPO tun kafin ya ji a bakin wani, ka sanar da shi dangantakarku, ka nemi a nisanta ka daga binciken. Abin da za ka iya yi wa ƙanen naka a fili shi ne abin da kowane ɗan'uwa zai yi: ka samo masa lauya, ka tabbatar an kai masa abinci, ka kuma tunatar da iyali cewa beli a caji ofis kyauta ne. Ita kuwa Inna, gara ka je gida da kanka ka zauna a gabanta ka yi mata bayani, domin irin wannan magana ba ta yiwuwa ta waya.